Kafin a Buga Waya: Ladubban Isar da Mummunan Labari ga Dangi

Na san kowa ya baro rumfarsa a hannun yaro, don haka zan yi ƙoƙarin kada in cinye muku ciniki.

Kun saba ganina da akwatin allurar rigakafi ko da abin awon jini. Yau maganar da na zo da ita ba ta cikin akwati, amma ta shafi aikina, domin wanda aka yi wa mugun albishir ba tare da shiri ba, sau da yawa a kan gadon ɗakin shan maganinmu yake ƙarewa.

Akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa da kuka, wadda na daɗe ina auna wa jini. Ɗanta na fari ya bi motar albasa zuwa kudu, suka yi haɗari da asuba, Allah ya yi masa cikawa. Kafin hantsi wani abokinsa ya sa hotonsa a WhatsApp da addu'a a ƙasa. Wani yaro ya gani, ya rugo rumfarta yana miƙa mata waya, yana cewa, "Inna, wannan ba Yaya ba ne?" Ba ta karatun boko, amma ta san fuskar ɗanta, ta kuma ga yadda maƙwabtan rumfa suka sunkuyar da kai. Nan ta yanke jiki ta faɗi. Da aka kawo mana ita, bakinta ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Ba zan ɗora wa yaron laifin duka ba, domin jininta ya daɗe da hawa, kuma ta yi watanni ba ta shan magani. Sai dai a daidai lokacin nan ƙanen mijinta yana kan hanya da limamin unguwa, za su zo su kai ta gida su zaunar da ita. Wayar ta riga su da abin da bai kai rabin sa'a ba. Tana nan da rai, amma har yau ba ta iya riƙe ludayi da wannan hannun.

Iyayenmu suna da tsari a kan wannan. Idan aka yi rashi, ɗan aike ake tayarwa, kuma ba ya zarcewa wurin mai rashin. Sai ya sauka wurin wani dattijo ko liman ko mai unguwa, su kuma su san wanda za su ɗauka, su san lafazin da za su yi. Tafiyar ɗan aike ita ke ba da lokacin shiri. Salula ta ɗauke wannan tafiyar, ta bar mu da labari tsirara. Mu kuma mutanen bakin iyaka mun fi kowa dogaro da ita, domin gidajenmu a rabe suke: uwa tana Maraɗi ɗa yana Katsina, mata tana Birnin Konni miji yana Illela ko Sakkwato, ƙanwa tana aure a Magarya yayyenta suna cin kasuwar Maigatari. Kun tuna lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, yadda mutane suka yi ta karɓar labarin rasuwar iyayensu ta waya, ba halin zuwa. Tun da ba za mu iya komawa zamanin ɗan aike ba, sai mu mayar da shirin da yake yi cikin wayar.

Abu na farko, kada ka fara da labarin. Ka fara da tambaya: kana ina, me kake yi, wa ke kusa da kai? Idan ya ce yana tuƙi, ko yana kan babur, ko yana saman mota ana lodi, ka ce masa akwai magana, ya sami wuri ya tsaya, za ka sake kira. Direban da aka gaya wa mutuwar mahaifiyarsa yana kan sitiyari, da shi da fasinjojinsa goma sha duk an sa su cikin haɗari. Idan ka san abokin tafiyarsa, ko maigidan da yake sauka wurinsa, ko dillalinsa, to shi za ka fara kira. Ka ce ya je ya same shi, ya janye shi daga cikin hayaniya, ya zaunar da shi, sa'an nan a haɗa ku. Wannan mutumin kuma shi zai kula da kaya da kuɗi, domin na sha ganin ɗan kasuwa ya ji labari ya bar buhuna a buɗe da cinikin yini a ƙarƙashin tabarma, ya nufi tasha ba takalmi, ga rashi ga asara.

Saƙon murya bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan. Ba ka san inda zai buɗe shi ba. Wataƙila a tsakiyar kasuwa da ƙarar waya a sama, wataƙila da tsakar dare shi kaɗai a ɗakin baƙi.

Yanzu ga maganar da na san wasunku suna jira. Mun saba idan an yi rasuwa sai a kira na nesa a ce, "Jikin Baba ya yi tsanani, ka zo gida." Ban zo in yi wa wannan al'ada tas ba, domin tausayi ne ya haife ta, kuma ga wanda ke kan hanya shi kaɗai, tafiyar sa'a biyu ko uku, tana da amfani. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, kowa ya riga ya san ma'anarta, har ta kai idan jikin ya yi tsanani da gaske, ana buƙatar ɗa ya zo da kuɗin magani ko ya ba da jini, sai ya ɗauka an riga an gama, ya tsaya neman motar da za ta kwashi iyali zuwa gaisuwa. Na biyu, wanda bai gane ba yakan matsa wa direba lamba, ko ya hau babur da daddare ta barauniyar hanya, yana tseren riskar wanda an riga an yi wa sutura. Idan an yanke shawarar ba za a jira shi ba, a gaya masa gaskiya, a ce masa an sa jana'iza bayan azahar, ba zai riske ta ba, ya taho a hankali. Idan kuma za a jira shi, a faɗa masa har zuwa wane lokaci. Mutum yakan haƙura da rashin uwa, amma ya daɗe yana riƙe da waɗanda suka hana shi sallarta alhali da an gaya masa da wuri zai iso.

Jinkiri iri biyu ne, kuma ya kamata mu riƙa tambayar kanmu wanne muke yi. Akwai jinkirin da ake yi domin mai karɓar labari, a samo wanda zai zauna da shi, a bari ya sauka daga mota, a bari gari ya waye wa tsohuwar da ke kwana ita kaɗai, wadda ba abin da za ta iya yi kafin asuba. Wannan da sa'o'i ake auna shi. Akwai kuma jinkirin da muke yi domin kanmu, saboda bakinmu ya yi nauyi, kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Shi ne ke zama kwanaki, har makonni, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙarshensa sai wata baƙuwa ta shigo da sallama ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?" ga wadda ba ta san an yi komai ba.

Kafin kowa ya sa hoto a Facebook ko a kai sanarwa gidan rediyo, a zauna a lissafa waɗanda ke da hakkin ji daga bakin dangi: iyaye, mata ko miji, 'ya'ya, 'yan'uwa shaƙiƙai. A nan ina roƙon iyayena maza su gafarce ni. Da yawa cikin fatake suna da iyali a wannan ƙetare da wancan, kuma idan rai ya yi halinsa, gidan da aka rasu a ciki shi ke jin labari, ɗaya gidan sai an tuna. Ita ma waccan matarsa ce. Malamai sun sanar da mu cewa takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai juna biyu kuma sai ta haihu, kuma daga ranar rasuwar ake ƙirgawa. To yaya za a bar mace tana kwalliya tana zuwa biki, mako guda da rasuwar mijinta, don kawai ba a shiri da ita?

Idan an zo faɗa, a zaunar da mutum tukuna. A gajarta gaisuwa, domin doguwar gaisuwa da baƙuwar fuska azaba ce, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. A yi masa share fage da jimla ɗaya, a ce, "Baba, mun zo da magana mai nauyi, sai an yi haƙuri." Sa'an nan a faɗi sunan, a faɗi abin da ya faru da kalmar da ba ta da harshen damo: wane ya rasu. Na taɓa ganin an yi ta kewaye-kewaye da wata mata, ana cewa sai haƙuri, sai addu'a, har ta tashi tana ɗaura gyale za ta kai wa mara lafiya kunu. Bayan an faɗa, a yi shiru. Shirun nan yana da wuya, na sani, amma wanda ya ji irin wannan labari kunnensa yakan toshe, duk nasihar da aka jero masa a lokacin ba ta shiga. A bar shi ya yi salati, a bar shi ya zubar da hawaye. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da ya tambaya a amsa masa da gaskiya, abin da bai tambaya ba a ajiye. Ba lallai uwa ta ji yadda mota ta yi da jikin ɗanta ba, kuma kada a nuna mata hoto. Kalmar "da kun kai shi asibiti da wuri" a haɗiye ta. Magana zarar bunu ce, kuma wannan takan zauna a zuciyar uwa shekara da shekaru.

Ga abin da ya shafi aikina kai tsaye. Idan wanda za a gaya wa yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, a tabbata ya sha maganinsa na ranar, ya ɗan ci wani abu, kuma akwai abin hawa a kusa. Idan ya suma, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, a ba shi iska. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki yana sume, domin zai iya sarƙewa ya shiga huhu. Suman firgita ba ya daɗewa. Amma idan kuka ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta harɗe, ko yana dafe da ƙirji yana gumi, to kada a jira, a nufi asibiti, ko likita kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa, wanda ya fi kusa ko a wane ɓangaren iyaka yake. A kwanakin zaman makoki ma a sa ido, domin a nan ne masu shan magani kullum suke mantawa da shi.

Mai juna biyu da mai jego su aka fi ɓoye wa labari, wani lokaci har a yi arba'in. Wadda ke kan gwiwa, ko wadda ta haihu jiya ta zubar da jini, babu laifi a dakata ta dawo hayyacinta. Amma kwana ɗaya ko biyu ake nufi, ba wata ba. Mace tana gane an sauya mata fuska, tana lura mahaifiyarta ba ta kira ta yi mata barka ba, kuma zullumin da take kwana da shi bai fi gaskiyar sauƙi ba. A gaya mata tana zaune, da wata babbar mace a gefenta. Mai ciki idan ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko jijjiga, a kawo ta nan take. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Baƙin ciki yakan sa ruwan nono ya yi jinkirin saukowa na ɗan lokaci, amma ba ya lalata shi, kuma yawan tsotson jariri shi ke dawo da shi. Haka wadda ta haifi ɗa ba rai: kada a ce mata yana wurin ma'aikata ana duba shi. Ita ta ɗauke shi wata tara.

Yara fa? Mukan ce musu, "Baba ya yi tafiya." A gidan manomi ma wannan kalma tana da illa, balle a gidan ɗan kasuwa, inda Baba kullum cikin tafiya yake kuma kullum yana dawowa da tsaraba. Na san yaron da ya yi watanni yana fita bakin titi duk ranar kasuwa da yamma, yana leƙa kowace mota. Idan aka ce masa barci yake yi, sai yaro ya tsorata da kwanciya. A gaya masa daidai hankalinsa: Baba ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifin kowa ba ne, ga wanda zai kula da kai. Zai sake tambaya gobe da jibi, a sake amsa masa da haƙuri.

Labarin ciwo kuwa hukuncinsa dabam ne, domin shi yana da mai shi, kuma mai shi yana da rai. A nan zan faɗi kuskuren da na yi da kaina ina sabuwar fitowa daga makarantar koyon jinya. Wata matashiya ta zo awon ciki tare da uwar mijinta. Sakamakon gwajinta ya nuna tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta. Layi ya yi tsawo, na gaji, sai na faɗa a gabansu su biyu, a zatona ai gida ɗaya ne. Kafin mako ya zagayo an ware mata kwano da moɗa, kishiyarta ta hana 'ya'yanta shiga ɗakinta, alhali wannan nau'in ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Sai da na yi sawu uku gidan kafin ƙura ta lafa, mijin ya zo aka gwada shi, aka yi wa jaririn allura ranar da aka haife shi. Tun daga ranar, sakamako sai mai shi, shi kaɗai, a ɗaki. Shi zai zaɓi wanda zai ji da lokacin da zai ji. Ku ma idan ɗan'uwa ya amince muku da irin wannan, amana ce, ba ta majalisar mai shayi ba ce.

Sai dai mai ciwon ma akwai hakki a kansa, idan ciwon yana iya kama na kusa da shi. Mai tarin fuka ya kamata ya sanar da waɗanda yake kwana ɗaki ɗaya da su a cikin kwanakin farko, domin a duba su, musamman ƙananan yara. Maganinsa wata shida ne, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati a ƙasashen biyu, kuma ana warkewa. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, matarsa ko mijinta na da hakkin sani, kuma duk matan, na nan da na can. Wanda ke shan maganinta a kan ƙa'ida yana rayuwarsa yana kasuwarsa, mai ciki kuma tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Idan bakinka ya yi nauyi, ka zo da ita wurinmu mu faɗa tare, aikinmu ne. Amai da gudawa da sanƙarau su kam ba sa jiran ladabi, a sanar da gida da ma'aikatan lafiya a sa'ar da aka gani.

Gwajin jini kafin aure ma lokacinsa ne ke gyara shi ko ya ɓata shi. Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Idan saurayi da budurwa duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Wannan labari a farkon neman aure zance ne na mutum biyu da iyayensu. Idan aka bari sai an kai lefe an raba goro, ya zama na gari duka, kuma a lokacin ne ake rufe ido a ɗaura.

Akwai kuma roƙon da 'ya'ya suke yi mana idan an gano ciwon daji ko wani ciwo da ya ci ƙarfin magani: "Don Allah kada a gaya wa Baba." Na fahimci soyayyar da ke ciki. Amma ku dubi rayuwar ɗan kasuwa. Rabin dukiyarsa a bakin mutane take: bashin da yake bi a Dawanau, wanda ake bin sa a Damagaram, ajiyar wani da ke hannunsa ba takarda, adashin da bai kwasa ba. Idan aka rufe shi har ya cika, an hana shi sauke nauyi, an hana shi wasiyya da neman gafara, an kuma bar wa magada rigima. Ba a cewa a danƙara masa. A tambaye shi, "Baba, likita ya yi mana bayani, kana so ka ji duka, ko mu riƙe mu yi abin da ya kamata?" Wasu sukan ce a bar wa Allah, sai a girmama hakan. Mafi yawansu kuwa, a abin da na gani, sun riga sun sani, suna yin shiru ne don kada su tayar wa 'ya'yansu hankali, kowa yana ɓoye wa kowa a ɗaki ɗaya.

Kafin ku koma rumfunanku ina da roƙo. Duk mai ƙetare iyaka ya bar wa gidansa lamba ta biyu, ta abokin tafiya ko ta maigidan da yake sauka wurinsa, domin layin Najeriya yakan ɗauke a can, na Nijar ma haka a nan. Ku gaya wa iyalinku tun yau wanda kuke so a fara kira idan wani abu ya same ku. Shugabannin tasha kuma, idan motarku ta yi haɗari, ku roƙi direbobi da yaran mota su riƙe hotuna har sai an isa gidajen mutane. Teburinmu yana nan gindin dalbejiya kusa da masu awo har la'asar, duk wanda ya haura shekara arba'in, ko ya daɗe bai auna jininsa ba, ya biyo, ba a biyan ko sisi.